Guntayen Fata

Luba ta dawo makaranta baki a zumɓure,
Ta yar da jaka bisa tabarma, ko sallama babu.
Wai Malama Ige ta ja mata jan biro,
Ta zana ƙyaure, ta ce masa murabba'i,
'Yan aji suka yi ta darawa.

Ni ko ina rumfata a shiyyar dukawa,
Fatar jar akuya shimfiɗe bisa cinya.
Na ce, "Share hawaye, jikalle, matso nan.
Shekara arba'in nake yanka waɗannan a Sakkwato,
Ban san boko ya raɗa musu suna ba.
Ke kawo sunan, ni in kawo yankewa."

Na yanko gidan laya, na ba ta zare.
Ta auna gefe guda, ta ƙulla alama,
Ta kai shi ga sauran ukun, bai gaza ba, bai yi saura ba.
Na ce, "Gefe huɗu, ba wa ba ƙane,
Kusurwa huɗu tsaye kyam kamar lungun ɗaki."
Ta ce, "Shi ne murabba'i!" tana murmusawa.

"To tashi ki gwada zarenki a ƙyauren zaure."
Ta yi ɗage, ta miƙe hannu, zare ya kasa.
Dogaye biyu na kallon juna,
Gajeru biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.
Ta yi shiru, ta ciji yatsa,
"Ashe mai dari ne, Kaka, ga inda na yi ɓacewa."

Sai ga ƙanenta Modi da karan dawa,
Ya sato daga dannin maƙwabta, na sani.
Muka ɗaure huɗu da kaba, baki da baki,
Na ce ya danna. Ya danna kaɗan,
Abin ya karkace kamar tsohon jaki.
Muka zare guda, muka ɗaure uku,
Ya danna, ya cije, har da nishi,
Alwatika ta ƙi ko gezawa.
Gefe uku, kusurwa uku, ba ta da inda za ta kauce,
Tambayi tukunyar kakarku bisa duwatsun murhu,
Yaushe rabonta da faɗuwa?

Na kafa basilla tsakiyar fata,
Na ɗaura zare, na ɗaura gawayi a bakinsa,
Luba ta ja shi, ta kewaya a hankali,
Layi ya tafi, ya dawo ya sami wutsiyarsa.
Ko'ina ka tsaya a bakin da'ira,
Nisanka da cibiya ɗaya ne, ba mai fin kowa.

Na ce wa Modi, "Nemo mini kusurwarta,
Ƙuli-ƙuli biyar ladanka in ka samu."
Yaro ya ɗora yatsa, ya bi, ya sake bi,
Ya ɗauko faifai, ya ɗauko murfin tulu,
Har ladan ya kira la'asar yana ta bi.
Ya ce, "Kaka, ka ɓoye ta!"
Na ba shi biyu, ladan wahalar zagayawa.

Da na tashi kakkaɓe guntaye,
Luba ta tsinci wani a ƙarƙashin sawuna,
Gefe bakwai, duk a karkace, ɗaya ma da lanƙwasa.
"Wannan fa, mene ne sunansa?"
Na juya shi, na sake juyawa.
Na ce, "Mu dai shara muke ce masa,
Kai wa Malama, ita ke da sanin sunayen kowa."

Washegari ta dawo da gudu, babu jaka a kafaɗa,
Ta manto ta a aji don ɗoki.
Wai Malama ta ƙirga gefen, ta yi dariya,
Ta ce ita ma sai ta duba littafi,
Amma in akwai irinsu, a aiko mata da buhu guda,
Yara sittin ne, allon aji ya gaji da gogewa.

Yau kwana tara ban zubar da shara ba.
Buhun na nan jingine da bango, ya kusa cikawa.